Jiniya Ya Sayo Mai Sauri

Jiniya ya sayo wa 'yarsa ram mai sauri, alhali mai yawa ta ce masa tana so. Ba a cuce shi ba, kuma ba kunnensa ne ya yaudare shi ba. Ya ji ta sarai, mai shago ma ya faɗa masa gaskiya. Shi ne dai ya ga ya fi su sani.

A asibiti ya samo sunan Jiniya. Rabin rayuwarsa motar ɗaukar marasa lafiya ya tuƙa, kuma tun daga masu gadi har likitoci kowa ya san in shi ne a kan sitiyari, mara lafiya zai iso da sauran numfashinsa. Ya sha ɗauko mai naƙuda daga bayan gari ya dire ta a kan gado kafin kan jariri ya leƙo. Da idanunsa suka fara gani dishi-dishi aka karɓe makulli, aka yi masa godiya, aka sallame shi. Ya dawo gida da karatu guda ɗaya tak wanda duniya ta koya masa: jinkiri kisa ne, sauri ceto. Ko shayi aka daɗe ba a kawo ba sai ya yi wa'azi a kai.

Gidan haya suke zaune a hawa na biyu, ɗaki biyu da falo. 'Ya'yansa duk sun watse, kowa da inda abincinsa ya kai shi. Auta ce kawai ta rage, ita da uwarta, Umma. Zanen gine-gine ta karanta, ta gama, ta dawo ta zauna a ɗakinta da wata tsohuwar kwamfuta irin mai akwati a ƙarƙashin tebur, wadda babban yayanta ya bar mata. Shi wannan yayan ya samo mata aiki a garin da yake, tafiyar yini guda a mota, a wani kamfanin hanyoyi inda za ta riƙa zana magudanan ruwa. Auta ba ta so. Jiniya kuwa ko zancen ba ya ƙaunar ji, don ya san ran da ta fita daga gidan nan, sai bango ya rage masa abokin hira, Umma ba mai yawan magana ba ce.

Sai ga wani ofishin masu zanen gini a nan cikin gari, wanda ko a ƙafa za ta iya zuwa, ya ce zai gwada ta. Suka ba ta ginin makaranta mai hawa huɗu ta zana. Ran gwaji za su kira ta ta bidiyo, ta buɗe aikin a kwamfutarta suna kallo, don tsarinsu shi ne sabon ma'aikaci daga gida yake fara aiki, da na'urarsa. In ta ci, ta zauna. In ta faɗi, babu sauran uzurin da za a ba yayanta.

Wata safiya Jiniya ya leƙa ɗakinta ya tarar ta rafka tagumi, allon kwamfuta ya tsaya cak.

"Auta, ke da ita waye ya yi fushi da wani?"

"Ita ce, Baba. Ram ya yi mata kaɗan."

"Wane ne kuma ram?"

Ta yi dariya, ta share masa gefen gado ya zauna. Ta ce ram wasu 'yan sanduna ne guda biyu a cikin akwatin, kuma a kansu kwamfuta take shimfiɗa duk aikin da ke hannunta. Ginin nan da bangayensa da tagoginsa da bututunsa, sai ya samu wurin kwanciya gaba ɗaya kafin ta iya juya shi. In wurin ya cika, sai kwamfutar ta shiga kai da kawowa zuwa ma'ajiya, daga nan ta sandare.

"Nawa gare ta yanzu?"

"Giga goma sha shida. Talatin da biyu nake buƙata. Ko wane iri ne, Baba, in dai ya kai talatin da biyu."

Tun da ta girma ba ta taɓa buɗe baki ta nemi wani abu a wurinsa ba. Daɗi ya kama Jiniya har kunne. Ya ce akwai ɗan abin da ya rage daga sallamarsa, kuma shi da kansa zai kai akwatin. Ta ce ya bari su je tare. Ya ce shi da ya ɗauki mutane rai a hannun Allah, akwatin ƙarfe ne zai gagare shi? Ran da ta fita duba filin makarantar, ya naɗe akwatin a tsohon bargo kamar mai zazzaɓi, ya tari tasi.

Shagon na cikin wani dogon gini mai shaguna jere, kowane cike da wayoyi da allunan da suka mutu. Mai shagon wani siririn mutum ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya kwance murfin, ya hura ƙura, ya ce gurbi biyu ne kawai a ciki, don haka sai an cire tsofaffin kafin a sa sababbi. Ya ajiye kaya iri biyu a kan kanta, ya ce farashinsu kusan ɗaya.

Na farko wasu korayen sanduna ne tsirara, ko riga babu, a cikin roba mai shara-shara. Na biyu a kwali mai sheƙi suke, sanye da baƙin ƙarfe, da layin fitila a sama.

"Waɗannan koraye su ne talatin da biyu, Baba. Waɗannan kuma goma sha shida ne, amma masu gudu."

Kalmar ta shiga kunnen Jiniya ta zauna daram.

"Gudu kamar yaya?"

Da mai shago ya san da wa yake magana, da bai nuna masa ba. Amma al'adarsa ce ya gwada wa mai saye kaya a gabansa. Ya juyo da allon kwamfutar gwaji, sai ga wani da'ira da allura a tsakiya, sak agogon gudun mota. Ya sa korayen, allura ta tashi ta tsaya wajen rabi. Ya cire ya sa baƙaƙen, fitilunsu suka kama ja da shuɗi, allura ta wuce rabi ta ci gaba da hawa. Jiniya ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi. Rabonsa da ganin allura na hawa tun ran da aka karɓe masa makulli. Ya ji tafin ƙafarsa ta dama yana danna ƙasa shi kaɗai.

"Wannan za ka sa."

"Wane aiki ake yi da ita, Baba?"

"Zanen gini. 'Yata ce, injiniya ce."

"To, koren ne nata. Masu wasan kwamfuta ne ke bin wannan. Kuma gaskiya akwatin nan tsoho ne, ba zai ma iya binsa a wannan gudun ba. Bambancin da za ta gani, ido ba ya kama shi. Goma sha shida za ka cire ka mayar da goma sha shida."

"Ɗana, shekarunka nawa?"

Mai shago ya yi murmushi, Jiniya ya ci gaba.

"Kafin a haife ka nake aiki da inji. Ban taɓa ganin inda mai nauyin jiki ya riga mai zafin nama ba. Tana cewa wuri ya cika. Me ya sa ya cika? Don abin da ke ciki ba ya fita da wuri ne. In ana kwashewa da sauri, wuri ba ya cika. Ɗakin gaggawa gado shida ne, amma mutum ɗari ke bi ta cikinsa a yini."

"Ba haka take aiki ba, Baba. Ko za mu kira ta a waya?"

Wannan ce ta ɓata komai. A kira yarinya a tambaye ta ko ubanta ya iya sayayya? Jiniya ya haɗe rai, ya ce kuɗinsa ne ko na mai shago? Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya sa baƙaƙen, ya ɗaure murfi. Da zai miƙa masa akwatin ya ce in ba su yi mata ba, a dawo da su cikin makon nan da kwalinsu, zai canza ba tare da wata magana ba. Jiniya ya ce ba za a dawo ba.

Ya iso gida ya tarar da Kunkuru a falo yana shan shayi. Tsohon abokin aikinsa ne, shi ke tuƙa babbar motar da ke kawo wa asibiti magunguna da iskar numfashi, kuma tun suna samari suke tsokanar juna. Jiniya ya jona akwatin da taimakon maƙwabci, fitilun suka haska ta ramukan gefe, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma kore. Ya kira Umma daga kicin ta zo ta gani. Ya ba da labarin allura, ya ba da labarin yadda ya koya wa mai tabarau sana'arsa. Ana cikin haka Auta ta shigo, takalmanta duk jar ƙasa.

"Zo ki ga jirgin sama, uwar masu gida!"

Kunkuru ya kurɓi shayi ya ce, "Ni dai ban san kwamfuta ba. Amma kayan da mota ba ta ɗauka ba, sawu biyu ake yi musu, ko da aljani ne direban."

"Ji mai magana! Kai da keke ya taɓa wuce ka a kan babban titi, mai keken ma da buhu a baya."

"Na dai iso da kayana cif."

"Bayan marasa lafiyar sun warke don kansu."

Aka yi dariya har da Umma. Auta ta zauna, ta danna nan ta danna can, wani ɗan akwati ya fito a allo da lambobi. Jiniya yana tsaye a kanta, bai iya karanta ƙananan rubutu ba, amma ya ga wuyanta ya ƙage. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta juyo, ta dubi Kunkuru, ta dubi maƙwabci, ta dubi ubanta da ke washe baki.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Ka ji ko, Kunkuru?"

Daga ranar, kullum da safe sai ya leƙa ɗakin ya gaida fitilunsa. Wannan ya toshe wa Auta hanyar da ta rage, don ko ta so ta saci jiki ta kai akwatin a canza, korayen ba su da fitila, ran da ya leƙo ya ga duhu ya gane. Sai ta shiga dabara. Ta yanka ginin gida-gida, kowane hawa da nasa fayil. In za ta yi aiki a hawa na uku sai ta rufe na biyu. Ta cire bishiyoyin harabar, ta cire kujerun azuzuwa, ta rage wa tagogi kyau. Aikin da za ta yi kafin azahar ya koma kai ta la'asar.

Jiniya ya gani. Wannan ita ce maganar da ba ya son a taɓo har yau. Idonsa bai mutu ba har ya kasa ganin yarinya zaune ta harɗe hannu tana jiran allo ya motsa, kamar yadda take yi kafin ya kashe kuɗinsa. Sai ya ce wa ransa ai sabon inji sai ya saba. Wata rana Umma tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba, ta ce:

"Malam, abin nan da ka sayo, anya shi ta ce?"

"Ita ta aiko ki?"

"Ba ta aiko ni ba. Ido gare ni."

"To bari mu ji daga bakin mai ita."

Ya taka har ƙofar ɗakin, ya riƙe ƙyaure, ya yi tambayar da irin muryar da amsa ɗaya kawai take karɓa.

"Auta, uwarki ta ce na yi asarar kuɗina. Ya yi ko bai yi ba?"

Ta dubi Umma da ke bayansa da wuƙa a hannu. Ta sunkuyar da kai.

"Ya yi, Baba."

"To, kin ji."

Ya koma kujerarsa da nasara, amma shayin ranar bai yi masa daɗi ba. Kwalin mai sheƙi na nan a saman firij inda ya ajiye shi. Sau biyu ya ɗauko shi ya jujjuya. Abin da ya hana shi ba wani abu ba ne illa fuskar mai tabarau, da yadda zai ɗaga kafaɗa bai ce komai ba, da bakin Kunkuru wanda zai riƙe labarin har kabari. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma Jiniya ya naɗa nasa da kyau. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa.

Ran gwaji da hantsi ya sa rigarsa mai kyau kamar shi za a gwada. Ya sauka ya roƙi mai walda na ƙasan bene ya dakata da injinsa. Ya kashe rediyo. Ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar ɗakin daga waje, inda yake hango gefen allo da bayan Auta.

Mutum uku ne a allon, shugabar ofishin a tsakiya, mace mai furfura da magana a hankali. Auta ta buɗe hawa na farko, ta zagaya da su azuzuwa, ta nuna inda iska za ta shiga da inda rana ba za ta dami yara ba. Muryarta ba ta rawa. Ta rufe, ta buɗe na biyu. Ɗaya daga cikin mazan ya yi tambaya a kan matakala, ta amsa, ya gyaɗa kai. Jiniya ya waiwaya ya yi wa Umma alama da gira.

Sai shugabar ta ce, "Aikinki na da tsabta. Yanzu haɗa mana shi gaba ɗaya, da bututun ruwa da wayoyin wuta, ki juya shi mu ga yadda suka hau juna. A nan ake gane mai zane."

Auta ta ce to.

Hawa na farko ya fito, na biyu ya hau kansa, na uku ya fara fitowa rabi. Fankar akwatin ta ɗauki kuka. Ta motsa hannu, kibiyar da ke allo ba ta bi ta ba. Fuskokin mutanen suka tsaya, bakin shugabar a buɗe. Fitilun nan kuwa suna ta canza launi abinsu, ja, shuɗi, kore, ko a jikinsu.

Ta kashe ta kunna. Suka sake kira, suka ce babu komai, ta sake gwadawa. Wannan karon ta kai hawa na huɗu, har rufin ya fito, Jiniya ya miƙe tsaye bai sani ba. Da ta jawo bututun ruwa sai komai ya sake sandarewa, sannan allon ya yi fari, aikin ya rufe kansa.

A waya suka ƙarasa maganar, ta sa a lasifika. Shugabar ba ta yi faɗa ba. Ta ce gine-ginen da suke aikawa ma'aikatansu sun ninka wannan, kuma ba su da na'urar da za su ba sabon ɗauka. Ta tambaya ram nawa ke cikin kwamfutar. Auta ta faɗa.

"Ayya. Ai kin san ba zai ɗauka ba, 'yata. Me ya sa ba ki ƙara ba?"

Jiniya ya buɗe baki daga bakin ƙofa, Auta ta riga shi.

"Sakacina ne," in ji Auta.

Shugabar ta ce akwai wasu biyu da ke jiran kira, kuma gurbin ɗaya ne. Ta yi mata fatan alheri.

Babu wanda ya yi kuka a gidan. Umma ta koma kicin. Mai walda ya leƙo daga ƙasa ya yi kira, ko ya tayar da inji? Jiniya ya ce ya tayar. Ya shiga ɗakin ya tsaya, bai san inda zai ajiye hannuwansa ba.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni a gaban Umma, Baba."

"Ai da kin ce bai yi ba."

Ta ɗago ta dube shi, ba da fushi ba, kuma da fushin ne da ya fi masa sauƙi.

"Da na ce, da me za ka ce?"

Ya san abin da zai ce. Ya fita.

Washegari ya naɗe akwatin a bargo ya koma shagon. Mai tabarau bai ɗaga kafaɗa ba, bai kuma ce ai na faɗa maka ba. Ya karɓi baƙaƙen a matsayin na hannu, Jiniya ya cika, aka sa koraye. Duk abin bai kai shan kofin shayi ba. Abin da ya ƙi yi makonni ke nan, ga shi an gama kafin ya samu wurin zama. Da yamma Auta ta buɗe ginin gaba ɗaya, da bututunsa da wayoyinsa, ta juya shi da yatsa ɗaya kamar ana juya faranti. Ta kira ofishin. Suka ce sun riga sun ɗauki wani, amma za su riƙe lambarta.

Ta jira wata guda, ba su kira ba. Yayanta kuwa kullum sai ya kira, ya ce kamfanin hanyoyi ba zai riƙe gurbi har abada ba. Jiniya bai da bakin cewa ta ƙara haƙuri. Kunkuru ne ya kai ta tasha a tsohuwar motarsa, don Jiniya ba ya tuƙi, kuma duk tsawon hanyar babu wanda ya tsokani wani. Umma ta bi ta, wai ta raka ta ta ga wurin zama. Da ta je ta tarar matar yayan ta kusa haihuwa, sai zaman ya miƙe.

Yanzu Auta tana can tana zana magudanan ruwa da kwalbatoci. An ce ta iya, har an ƙara mata matsayi, kuma ba ta ƙara zana gini ba. Jiniya shi ke dafa shayinsa, shi ke wanke kofi. Takan kira shi ranar hutu, ta tambayi idonsa, ta tambayi ko yana shan magani. Kafin su yi sallama yakan ce mata ko akwai abin da take buƙata ya aiko mata, ko mene ne. Takan ce babu komai, Baba, Allah ya ƙara girma.